Facin Layi Huɗu

A watan Agustan 2023 na yi wa ƙanwata ƙazafi, kuma sai da na kusa cin wata biyu kafin na gane ƙazafi na yi. Ga mai ji daga waje, maganar ba wata babba ba ce. Cewa na yi tana cinye batirin kwamfuta da kallon fina-finai, alhali ta san halin da gari ke ciki. A gaban Inna na faɗa, muna cin tuwon dare da hasken tocila. Ba ta ce mini komai ba. Ta wanke hannunta ta shige ɗaki, ni kuwa na ɗauka shirun nan amsa laifi ne.

Duk wanda ke Maradi a lokacin ya san halin da nake nufi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an yanke layin wutar da ke shigo mana daga Najeriya, ga shi kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. Sai wuta ta zama baƙuwa a unguwarmu. Wata rana a kawo ta da tsakar dare, wata rana da hantsi, wata rana kuma ko ƙyallinta ba a gani. Kowa ya koyi kwana da kunne ɗaya a buɗe: da zarar fanka ta motsa sai gida ya tashi, a yi ta rububin wurin caji.

Ƙanwata tana shekararta ta ƙarshe a fannin noma a jami'a, tana rubuta kundinta a kan tsutsar nan mai cin zangarniyar hatsi, wadda manoma ke kira murzuna. Aikin ba ya jira, domin tsutsar ba ta ɓarna sai lokacin da hatsi ya fid da kai, wato ƙarshen damina. Idan ba ta ƙirga ba, ba ta ɗauki hotuna ba, ba ta rubuta a waɗannan makonni ba, sai baɗi. Kwamfuta ɗaya gare mu a gidan, wata tsohuwa ta hannu da na saya jika sittin da biyar. Ni ina da ɗan shago na gyaran kwamfuta da buga takardu, don haka ni na cire tsarin da ta zo da shi na zuba mata Linux, saboda ya fi sauƙi a kan tsofaffin na'urori. Na auna batirin da kaina: idan rubutu kawai ake yi, yana kai awa huɗu da rabi, har da ɗan ɗori. Shi ya sa da ta fara ƙorafin cewa wasu ranaku awa uku kawai yake yi, ban nemi wani dalili ba. Na riga na yanke hukunci.

Bayan kamar makonni uku ta same ni a shago da rana, ta ajiye wani ƙaramin littafi a kan teburina. Littafin da take shiga gona da shi ne. A shafukan baya ta ja layuka, ta rubuta kwanan wata, lokacin da ta kunna kwamfutar, lokacin da ta mutu, da abin da ta yi da ita.

Ta ce, "Yaya, ni ba kallo nake yi ba. Duba nan. Duk ranar da na dawo daga gona na sa katin memori don in kwashe hotuna, ranar batirin ke saurin ƙarewa. Ko na cire katin, haka zai ci gaba. Sai ta mutu gaba ɗaya an sake kunna ta take dawowa daidai."

Na duba. Ranaku goma sha tara ta rubuta, kuma babu rana ɗaya da ta saɓa wa abin da ta faɗa. Na ji kunya, amma girman kai bai bar ni na nuna ba. Na ce mata ta bar mini kwamfutar da katin zuwa dare.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa mai karatun da ba wannan ce sana'arsa ba ɗan bayani. A ƙarƙashin duk abin da kake gani a allon kwamfuta akwai wani ɓangare da ake kira kanel, wato ƙwayar tsarin. Shi ke magana da kayan ƙarfe kai tsaye: allo, madannai, kati, batir. Na Linux, wani ɗalibi ne mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta shi a Helsinki ta ƙasar Finlan a 1991, yau kuma ya haura layi miliyan 30, kuma shi ne a cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. Mafi yawan waɗannan layuka na direbobi ne. Direba a nan wani ɗan rubutu ne da ya san yaren na'ura guda, kamar na'urar sauti ko ta karanta kati. Abin da ya bambanta Linux shi ne an bar rubutun a fili. Kowa na iya saukewa, ya karanta, ya gyara.

A daren na buɗe wata manhaja mai suna PowerTOP, wadda kamfanin Intel ya fitar a 2007 don gano abin da ke shan batir. Da farko komai lafiya: kwamfutar na jan wat shida ko ƙasa da haka. Na sa katin, na kwafi hotuna, na cire shi. Ba abin da ya canza. Har na fara jin daɗi a raina cewa ni ke da gaskiya. Na sake sawa, na sake kwafa. A karo na uku kwafin ya tsaya cak na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Na cire katin na jira. Awon ya tsaya a wat takwas da rabi, ya ƙi sauka. Batirin ya tsufa, abin da ya rage masa bai wuce wat 28 na awa guda ba, don haka lissafin ba wuya: a wat shida, awa huɗu da minti arba'in, a wat takwas da rabi, awa uku da ƴan mintuna. Daidai da abin da ke cikin littafinta.

Daga nan na fara karatu, kuma a nan ne na koyi abin da ya fi burge ni a duk wannan lamari. Kwamfuta ba ta yin barci gaba ɗaya kawai, kamar idan ka rufe murfinta. Ko tana kunne kana aiki, ƙananan sassanta suna ta gyangyaɗi ɗaya bayan ɗaya. Idan ba ka jin sauti, na'urar sauti ta kwanta. Idan babu kati, mai karanta kati ya kwanta. Ita kanta ƙwaƙwalwar kwamfutar tana runtsawa tsakanin danna harafi da danna na gaba, kuma barcin nata hawa-hawa ne, gwargwadon zurfinsa gwargwadon wutar da za a rage. Tsarin da ke kula da wannan gyangyaɗi ya shiga kanel a fitowa ta 2.6.32 a ƙarshen 2009, kuma Rafael Wysocki, wanda har yanzu shi ke riƙe da sashen sarrafa wuta, shi ya rubuta ginshiƙinsa.

Dokokinsa biyu ne suka shafe ni. Ta farko, kowace na'ura tana da ƙidaya. Idan direba zai yi amfani da ita sai ya ƙara ɗaya, wannan ke tashin ta. Idan ya gama sai ya rage ɗayan da ya ƙara. Ba za ta kwanta ba sai ƙidayar ta koma sifili. Ta biyu, an jera na'urorin ne kamar dangi, akwai uwa akwai ƴaƴa, kuma uwa ba ta barci muddin akwai ɗanta guda da ke farke. Mai karanta kati yana rataye ne a wata mashiga, mashigar kuma tana jikin ƙwaƙwalwar. Idan ya ƙi kwanciya, mashigar ba za ta kwanta ba, ita kuma ƙwaƙwalwar ba za ta kai ga barci mai zurfi ba. Shi kansa ba wata wuta mai yawa yake sha ba. Waɗanda ya hana barci su ke shan ta. Da na karanta wannan sai na tuna da Inna, wadda ba ta kwanciya sai ta ji ƙarar ƙofar wanda ya dawo ƙarshe.

Linux yana bari ka leƙa waɗannan abubuwa kamar fayiloli. Na nemo na mai karanta katin. Babu kati a ciki, amma an rubuta yana farke. Na duba ƙidayarsa: ɗaya. Na sa katin na yi ta kwafa har ya sake tsayawa, na cire, na duba: biyu. Wani yana ɗauka ba ya mayarwa. Nan kuma na gane dalilin da ya sa abin ya ɓuya. Ƙanwata ba ta kashe kwamfutar, murfi kawai take rufewa, don haka ƙidayar tana nan yadda take. Sai batirin ya mutu an kunna ta daga farko, sannan komai ya koma sifili. Mutuwar batirin ita ke share sawun abin da ya kashe shi.

Zargina na farko ya tafi kan wani umarni mai suna pm_runtime_get_sync, wanda ya yi ƙaurin suna. Shi wannan yana ƙara ɗaya a ƙidaya ko da tashin na'urar bai yi nasara ba, kuma masu rubuta direbobi da yawa sun faɗa ramin, suna zaton idan ya gaza babu abin da za su mayar. Abin ya yi yawan da a ƙarshen 2020, a fitowa ta 5.10, aka ƙaro wani mai suna pm_runtime_resume_and_get wanda ke rage ɗayan da kansa idan an samu matsala. Na kwana biyu ina bin wannan sawu, amma ba nan ba ne. Na'urar tawa tana tashi lafiya lau.

Don in ga ainihin inda abin ke faruwa sai na saka wasu layuka a cikin direban, masu rubuta mini saƙo duk lokacin da aka ƙara ko aka rage. To amma kafin su yi aiki sai an harhaɗa kanel ɗin, kuma wannan aiki ne mai cin wuta. Gwajin farko na fara shi ƙarfe ɗaya na dare da aka kawo wuta. Aka ɗauke ƙarfe uku, batirin ya ja har wajen asuba, ya mutu aikin bai ƙare ba. Ina neman maganin shan wuta, wutar da zan nemi maganin da ita babu. Washegari na kai kukana wurin wani abokina na fada mai rumfar cajin waya da faranti biyu na sola. Ya ba ni gurbi a ƙarƙashin teburinsa daga hantsi zuwa la'asar, bisa sharaɗin in gyara masa wata tsohuwar firinta. A wurinsa ne na gano umarnin localmodconfig, wanda ke zaɓo direbobin da kwamfutarka ke amfani da su kaɗai ya bar sauran dubbai. Aikin da ya ƙi ƙarewa a dare guda ya dawo na ƙasa da awa ɗaya.

A rana ta huɗu a rumfar, ana ta hayaniyar masu karɓar wayoyi, na gan shi. Wani ɗan sashe ne na direban wanda bai fi layi sittin ba. A samansa an ƙara ɗaya. A ƙasansa an rage ɗaya. A tsakiya ana aika wa katin umarni a jira amsa, kuma an rubuta cewa idan amsar ba ta zo a kan lokaci ba, a fita nan take a kai rahoton matsala. Fitar ta tsakiya ba ta bi ta inda ake ragewa. Wani sashe na sama yakan sake gwadawa, karo na biyu ya yi nasara, hoton ya kwafu, mai amfani bai san an yi komai ba. Amma an bar ɗaya a baya.

Na daɗe ina kallon layukan. Ban ji haushin wanda ya rubuta su ba. Na tabbata ya gwada aikinsa, kuma ya yi aiki, domin katinsa mai kyau ne, ɗakinsa da sanyi, babu ƙura a mashigar. A wurinsa wannan fita ta tsakiya ƙofar gaggawa ce da ba a taɓa buɗewa ba. Katin ƙanwata kuwa a kan tebur aka saye shi a kasuwa, ya sha rana a gonaki, ya sha zufa a aljihu, kuma mashigar da ake cusa shi ta ga hunturu da yawa. Ƙofar da ba a buɗewa a can, mu ta nan muke shiga kullum. Shekara nawa layukan suka yi a haka, a cikin kwamfutoci nawa, kowa na cewa batiri ne ya tsufa? Ni kaina, mutum nawa na faɗa wa haka a shagona ba tare da na duba ba?

Gyaran layi huɗu ne: maimakon a fita daga tsakiya, a tsallaka zuwa ƙasa, a rage ɗayan, sannan a fita da rahoton. Na harhaɗa, na sa katin, na kwafa har ya tsaya sau biyar. Ƙidaya sifili. Wat shida. A daren na mayar mata da kwamfutar na ce ta gwada.

Da na so, da nan zan tsaya, tunda tamu ta gyaru. Amma na san duk ranar da aka sabunta tsarin, gyaran zai tafi, kuma na kasa daina tunanin sauran masu irin katinmu. Sai na ƙudurta aikawa. Su ma faci suke ce wa irin wannan gyara, kamar na mai facin taya. Akwai ƙa'idoji. Akwai wata ƴar manhaja a cikin rubutun kanel ɗin, checkpatch, mai duba tsarin rubutunka, akwai wata kuma, get_maintainer, mai gaya maka wanda ke kula da direban. Ana aikawa ta imel, rubutu zalla babu ado. Na farko da na aika daga waya an dawo mini da shi, domin wayar ta ƙawata shi ba da sanina ba. A ƙasan facin kuma sai ka sa layin Signed-off-by da sunanka, wato ka tsaya a kan cewa kana da haƙƙin ba da wannan aiki. Ni da faransanci na yi karatu, turancina na karanta littafin gyara ne. Bayanin sakin layi uku ya ci mini yini guda.

Amsa ta zo bayan kwana biyu, gajeriya, babu gaisuwa babu tambayar iyali. Da farko na ji wani iri, domin a wurinmu ko bashi za ka karɓa sai ka tambayi gida. Mutumin ya ce abubuwa uku. Bayanin ya yi tsawo, in faɗi abin da ke faruwa da dalilinsa kawai. In ƙara layin Fixes mai nuna gyaran baya da ya shigo da matsalar, don a san tsofaffin fitowar da za a kai wa maganin. Na uku kuma, akwai wata fita irin wannan kamar layi ashirin a ƙasa, wadda ban gani ba. Na koma na duba. Tana nan, a sashen da na yi kwana huɗu ina kallo. Katinmu bai taɓa bin ta nan ba, shi ya sa idona ya tsallake ta. Ashe ni ma hanyar da nake bi kawai na duba, kamar wanda ya rubuta direban. Daga nan na daina ganin gajartar wasiƙar a matsayin raini. Wani da ban sani ba, a ƙasar da ban sani ba, ya zauna ya karanta layukana har ya ga abin da na bari.

Ina shirya bugu na biyu na ga cewa akwai wani layi da ake iya ƙarawa, Reported-by, na wanda ya fara gano matsalar, amma ba a sa sunan mutum sai da izininsa. Na tashi na same ta a tsakar gida tana jera hotunan zangarniya. Inna na gefe tana tsince wake. Na tsaya a daidai inda na yi maganar farko, na ce na yi mata ƙazafi, ta yafe mini. Na ce ba don littafinta ba, da har yau ina nan ina zargin batiri da ita.

Ta ce, "Ba komai, Yaya. Ni dai abin da ya yi mini ciwo, ba ka tambaye ni ba."

Inna ba ta ɗago kai ba, ta ce, "To, yanzu ai ya tambaya."

Na yi mata bayanin layin, na ce ko ta yarda in sa sunanta. Ta tambaya wa zai gani. Na ce wataƙila babu kowa, amma zai zauna a tarihin kanel ɗin muddin ana ajiye shi. Ta ce in sa, amma in rubuta shi daidai, kada in yi masa irin rubutun takardar haihuwa.

An karɓi facin bayan wasu makonni, da saƙon layi ɗaya. Ita kuma ta kare kundinta a gaban malamanta ta wuce. Katin ya mutu gaba ɗaya ba da daɗewa ba, amma ta riga ta kwashe komai. A farkon 2024 aka janye takunkumi aka mayar da layin wuta, duk da dai ba a daina ɗaukewa ba. Har yanzu ban zama wani gwanin kanel ba, faci biyu kawai na ƙara aikawa, ɗaya ma an ƙi shi, kuma da hujja. Abin da ya canza a shago ne. Idan mutum ya shigo ya ce batirinsa ba ya daɗewa, ba na saurin ce masa tsufa ne, ko ya rage kallo. Nakan ba shi takarda in ce ya je ya rubuta mini kwana bakwai: yaushe ya kunna, yaushe ta mutu, me ya sa mata a tsakani. Da yawa ba sa dawowa. Waɗanda suka dawo da takardar, da su muke zama mu duba.